Famfon Gangara da saƙon Faransanci

Jama'a, yau makiyayi ya gano mini kuskure a kernel, wato zuciyar manhajar kwamfuta!

Wata biyu famfon sola na Gangara, ƙauyen da ke bakin iyakar Nijar, yana tsayawa haka kawai. Ni na rubuta manhajar da ke sarrafa modem ɗinsa, na'urar da ke haɗa shi da layin waya. Sau biyu mai bitar gyare-gyaren kernel yana mayar mini da gyarana: "Nuna musabbabi tukuna."

Da hantsi na je bakin famfon na tarar da shanu, kwamin ruwa a bushe. Ardo Jaɓɓi ya ce, "Injiniya, duk ranar da saƙon Faransanci ya shigo wayata, famfonka mutuwa yake."

Na duba. Ashe modem kan kama layin Nijar, sunan layin ya fi gurbin da na ware tsawo, sai manhajar ta tsaya cak!

Na gyara, ruwa ya zo. Mai bita ya karɓa, ya nemi imel ɗin wanda ya gano kuskuren don a sa sunansa.

Ardo ya ce, "Rubuta masa: bakin famfo, bayan la'asar."