Hoton 'Yar Fari a Ƙarƙashin Faifai

Zamanin Jihar Arewa, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni ne mai hoton da ke bin kasuwanni daga Tambuwal har Kebbe. Akwatina mai ƙafa uku a bayan keke, baƙin ƙyalle a kafaɗa, ga jin kai kamar ni na ƙera akwatin. Hoton maza ba wuya, kowa ya ɗaure fuska kamar zai shiga gaban alƙali. Na mata shi ne aiki, kuma da shi nake alfahari har yau.

Wata ranar kasuwar Kebbe, wata Bafulatana mai tallan nono ta jira sai da mutane suka ragu, sannan ta matso. Ta ce jibi za su tashi da shanu su yi kudu, sai damina in da rai. Mahaifiyarta kuwa ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, za a bar ta a Fakku wajen dangi, shi ya sa take so ta bar mata hoto. Na ce ta juya gefe don kitsonta ya fito, ta ƙi. Fuska take so, gaba da gaba, ta ɗago kai ta zuba wa akwatin ido. Na ji haushi ana koya wa gwani aikinsa, amma na ɗauka. Ya fito tas, har tsagar gefen bakinta.

Da yake washegari ta Fakku zan bi, na ce ta bari ya bushe, ni zan kawo. Neman yabo ne, ba komai ba. Na tarar da tsohuwar cikin mata, na gaishe ta, na miƙa mata hoton hannu bibbiyu. Ta kau da kai.

"Mi za ni yi da takarda? Tafi ka kai ma wasu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. 'Yar ta karɓi hoton, ta tura shi ƙarƙashin faifan da ya rufe ƙwaryar uwarta, ta rako ni bakin hanya, ta gaya mini ita 'yar fari ce. Kunya ta rufe ni. Ni da uwata ba ta taɓa kama sunan yayana ba, na manta uwa ba ta kallon fuskar 'yar farinta, balle a idon jama'a.

Can cikin bazara na sake bi ta Fakku, shanu ba su dawo ba. Na sami tsohuwar ita kaɗai a gindin tsamiya, da sandarta da ƙwaryarta. Ta yafito ni, ta duba hagu da dama, ta kwance haɓar zane. Hoton ne. Kitso na nan, dutsen wuya na nan, fuskar kuwa ta goge fari fat saboda shafa.

"Ɗana, takardag ga taka ba ta da ƙarko. Ana gyara ta?"

Na so in ce ba laifin takarda ba ne, na haɗiye. Allah ya sa ba na zubar da baƙar takardar farko, wadda daga ita ake fitar da hoto. Nan take na kafa akwati na wanko mata sabo. Na ɗauki hakimai, na ɗauki malamai, amma ban taɓa jin ni mai sana'a ne kamar ranar ba.

Wannan karon na yi hankali. Da ya bushe na tura shi ƙarƙashin faifanta, na juya mata baya ina ɗaure kaya a keke. Na ji motsin faifai, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, kamar da ƙwaryar take.

"Idon innata tad ɗauko. Sai ga takardag ga nis sani."

Na kwance igiyar da na riga na ɗaure, na sake ɗaurawa a hankali.