Kwandon da Ya Ƙi Ɗaga Ni

Wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, shekarun baya lokacin da nake aiki da wani kamfanin kafa fitilun titi masu sola a Gusau, kuma wallahi har yau in na tuna, haushin ya fi tsoron yawa. Ni mai gyaran wuta ne tun ina saurayi, tsani na sani, na hau turken da ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya hau. To sai kamfani ya samu babbar kwangila, ya kawo motocin nan masu dogon hannu da kwandon ƙarfe a kai, waɗanda mutum ke shiga su ɗaga shi sama. Aka ce daga yanzu ba mai taɓa su sai wanda ya yi kwas ya ci gwaji aka ba shi lasisi, wanda kuwa bai samu ba sai ya nemi wani aikin, don an daina hawa tsani. Ina da mata da yara, ga tsohuwata a hannuna, kun ga ba maganar wasa ba ce.

Wanda aka turo ya koyar da mu wani Malam Sanusi ne daga Kaduna, gajere mai tabarau, irin mutanen nan da ko murmushi za su yi sai sun duba ko doka ta yarda. Amma fa ya san aikinsa. Ya koya mana ka zagaya mota ka taka ƙasa ka ji ko da laushi kafin ka kafa ƙafafunta, ka ɗaga kai ka ga inda wayoyin wuta suke, ka sa hular kwano, ka ɗaura bel ka maƙala ƙugiyarsa a zoben kwando kafin ka taɓa komai, kuma ko ubanka ne ba ka ɗaukarsa sama in babu bel a jikinsa. Ya nuna mana akwai ma'auni a ƙarƙashin kwandon, in nauyi ya fi ƙarfinsa sai ya kama ƙara ya ƙi motsi. Ban da alfahari, tambayoyin baki na fi kowa amsawa, har abokina Lawali, wani ƙato ɗan Bungudu da muke aiki tare, a bayana yake laɓewa ina raɗa masa.

Ranar gwaji a harabar kamfani na shiga kwando da bisimilla, na maƙala ƙugiya, na tura hannun tashi. Sai ƙara, ga jar fitila tana ƙyaftawa, kwando ko gezau. Malam Sanusi ya ce in sauke kayan aiki, na ce filaya ce kawai a aljihuna, na miƙa masa ita. Ƙara dai. Ni kuwa tun ina yaro sillen kara ake ce min. Na fito, Lawali ya shiga da tumbinsa, mota ta ɗaga shi lafiya lau. Malam Sanusi ya shiga suka zama su biyu, ta ɗaga su. Na koma ni kaɗai, ƙafata ta biyu ba ta gama shiga ba abin ya sake ihu.

Lawali ya riƙe ciki yana dariya, ya ce, "Aboki, wanga ba nauyin jiki ba na, zunubi na. Tahi ka tuba."

Kowa ya kwashe, ni ma na yi yaƙe, amma raina ya ɓaci. Malam Sanusi ya ce shi ba zai ba da lasisi ga wanda bai bar ƙasa ba, mu haɗu a Tsafe inda ake amfani da wata motar daban, ya sake gwada ni.

Kafin ranar har sikelin masu wake na hau a kasuwa, mai sikelin ya dube ni ya ce ko buhun gero ya fi ni auki. Da safen tafiya Tsafe kuma ko koko ban sha ba, don wauta, wai in rage nauyi. Motar can sabuwa ce dal, ba ma irin ta Gusau ba, amma ina shiga ta yi min irin ihun 'yar'uwarta. Aka kira makanike ya kwance ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, ya loda buhunan siminti ta ɗaga su ba gardama. Foman ɗinmu, Alhaji Bala, ya gaji ya ce, "Malam, a tsinke wayar wagga ƙara mu huta, mutumen ga ya san aiki."

Malam Sanusi ya ce, "Ba a gabana ba, Alhaji. Ranar da ta yi ƙarar gaskiya wa zai ji?"

Gaskiyarsa ce, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan, babu wanda zan kama da faɗa. Malam bai zalunce ni ba, makanike bai yi ƙarya ba, ƙarfe kuwa ba a kai shi ƙara. Alhaji Bala ya ja ni gefe ya ce yana jin nauyina, amma in aikin da za a yi a Bungudu ya kankama ba ni da lasisi, ba shi da yadda zai yi ya riƙe ni. Da na ba tsohuwata labari ta nemo min rubutu na sha, ta ce in riƙa bisimilla kafin in shiga, na ce Inna ai ban taɓa shiga babu ita ba.

A Bungudu, kan hanyar Nahuce, kamfani na da wata tsohuwar mota wadda aka ƙera tun kafin a fara sa wannan ma'aunin, liba ce kawai kake ja. Na roƙi Malam Sanusi kamar zan durƙusa ya gwada ni a kanta, don washegari zai koma Kaduna. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya hau da kansa ya sauko, sannan ya ce to. Da hantsi ne, rana fes, don ba mai kai yamma a wannan hanyar, ga manoma sun jingina da fartanyoyinsu a bakin gona suna kallo. Na yi komai bi da bi, na taka ƙasa, na dubi sama, na maƙala ƙugiya na jijjiga ta don ya gani, na ja liba. Kwando ya tashi. Jama'a, daɗin da na ji kamar an yi min haihuwa.

Na kai kan turke na fara ɗaure fitila, sai na ji kwandon ya ɗan nutsa ta bayana, irin yadda yake yi in abokin aikinka ya sauya ƙafa. Duk wanda ya taɓa aiki su biyu a sama ya san wannan motsin, ba ya kama da na iska, kuma ma ko ganye ba ya kaɗawa a lokacin. Na leƙa ƙasa ta gabana, ga inuwar kwandon a kan kwalta, ga kaina da hular kwano, ga kuma wani kan a bayan nawa, ya ɗan fi ni tsawo, babu hula. Tallahi ban waiwaya ba. Na kama Ayatul Kursiyyu a zuci, na ƙarasa ɗaure noti, don na ce ko mene ne ba zai raba ni da abincin 'ya'yana ba. Na sauko a hankali yadda aka koya mana, ina jin nauyin nan a bayana har kwando ya taɓa ƙasa, sannan na juya, babu kowa.

Ban cire bel ba Malam Sanusi ya iso fuska a murtuke, ya ce, "Wa ka ɗauka?"

Na ce ni kaɗai na hau, a gabansa.

Ya ce, "Da idona na gan shi tsaye a bayanka, ba hula ba bel, ya dafa ƙarfe. Ina ya shiga?"

Lawali ya ce, "Malam, wane mutum? Shi ɗai munka gani." Manoman ma suka ce ni kaɗai suka gani.

Malam Sanusi bai saurare su ba, ya zagaya motar, ya buɗe gaba, ya leƙa ƙarƙashi, har cikin geron bakin hanya ya kutsa yana bankaɗawa. Da ya dawo ya cire tabarau yana gogewa. Na ce Malam, ka ga dai aikina, wane kuskure na yi? Ya ce aikina babu aibi, amma ya ga mutum biyu a kwando ɗaya ba bel, kuma shi ba zai sa hannu a kan abin da idonsa ya gani akasinsa ba. Na yi magiya, na rantse, har na ɗaga masa murya abin da ban taɓa yi ba. Ya bari na gama, ya ce a hankali ba tare da ya haɗa ido da ni ba, "Zan dawo bayan damina. Ka zo in sake gwada ka, amma ka zo kai kaɗai."

Aikin ya tafi, yanzu wayarin gidaje nake yi a cikin gari, yau a samu gobe a rasa. Malam Sanusi ya dawo bayan damina kamar yadda ya ce, Lawali ya zo har gida ya gaya min, na sa takalmi na kai bakin ƙofa, sai na tsaya, don ban san yadda zan yi in je ni kaɗai ba, kuma har yau ban sani ba.

Ku da kuke wannan aikin, ku yi kwas ɗinku, ku ɗaura bel, ku riƙe azkar ɗin safe. In kuma na'ura ta yi ƙara ta ce nauyi ya yi yawa alhali kai kaɗai kake ganin kanka, kada ka bari a tsinke waya, kada kuma ka je neman tsohuwar motar da ba ta iya faɗa. Ka fito kawai.