Tsinke a Damtse

Bayan haihuwata ta huɗu, ungozomar matarnite, asibitin haihuwa, ta duba ɗan littafin awona ta ce, "Huɗu cikin shekara shida. Ba ki so ki huta?" Na ce ina so. Ta jera mini abubuwa a kan tebur kamar mai kayan koli: ƙwayoyi, kwalbar allura, wani ɗan tsinke fari na damtse, da 'yar roba mai zare da ake sawa a mahaifa. Wannan ta ƙarshe ko taɓa ta ban yi ba.

Ƙwaya na fara ɗauka. Amma ƙosai nake soyawa a bakin hanya a Kara-Kara, tun asuba ina kan wake, sai rana ta faɗi in tuna ban sha ba. Bayan wata biyu na haƙura da ita, na koma allura. Ita kuma ta rikita mini jini. Ya zo, ya ɗauke, ya dawo, har na kasa gane ranar salla da ranar bari. Wannan ya dame ni fiye da ciwon kan da take sa ni.

A lokacin gwaggona ta zo daga Gidimuni, ta kawo mini guru in ɗaura a ƙugu. Ta ce da shi ta yi shekara uku-uku tsakanin 'ya'yanta. Mijinta fatauci yake yi, rabin shekara ba ya gida. Na karɓa, na yi godiya.

Maigidana tela ne, ba mai yawan magana ba. Da na kawo masa zancen tsinken, ya ci gaba da taka keke. Can ya ce, "Ana iya cirewa?"

"Ana iya."

"To."

Zuwanmu matarnite na farko aka ce tsinken ya ƙare, sai bayan sati biyu. Muka koma. Ya sauke ni nesa da ƙofa, ya zauna wajen mai shayi. Ban fi minti goma a ciki ba. Da ungozomar ta sa mini shi, ta kama yatsana ta ɗora a damtsen, na ji shi ƙarƙashin fata.

Jinin bai daidaita sosai ba, sai na je na tambayi malamarmu yadda zan yi da salla, ta gaya mini. Na yaye yaron a kan lokacinsa, na ƙara kasko na biyu. Da shekara uku ta cika, na koma aka cire, aka sa wani.