Ƙwallon da Ya Ƙi Zuwa Dama

A zagaye na uku ne ƙwallon ya daina bin umarnina.

Ina zaune a wani ɗakin bincike a unguwar Kpébié, an cire mini ɗankwali an sa mini hula mai wayoyi, wani mai mai sanyi yana bin tsagar kitsona. Wasan ba wuya: in raya a raina ina matse hannun dama, sai ƙwallon da ke kan allon kwamfuta ya tafi dama. Matar da ke binciken, sa'ar gwaggona, ta ce wasa kawai suke gwadawa.

Na raya dama. Ya tafi hagu. Na sake, ya tsaya cik.

Haka ciwon Inna ya fara a garin Djougou. Ta miƙa hannu za ta ɗauki ludayi, hannun ya ƙi. Tun ranar ni nake ɗaura mata zane.

Bayan kowane zagaye matar takan turo mini takarda mai fuskoki biyar, daga mai murmushi har mai fushi.

"Ça va, ma fille? Lafiya dai, 'yata? Ranki ya ɓaci?"

A gidanmu ba a ce wa babba ya ɓata maka rai, balle a ɗakinsa, bayan ya ba ka ruwan sanyi. Na nuna mai murmushi.

"Ba komai, Tanti."

Ta dubi nata allon, ta danna wani abu. Zagaye na huɗu ya fi muni. A na biyar ko sau ɗaya ƙwallon bai bi ni ba. Na ɓoye hannu cikin mayafi ina lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, in ji ko suna motsi. Idan ni ma na kwanta, wa zai ɗaga Inna? Aka turo takarda, na sake nuna mai murmushi.

A na shida hawaye suka zubo.

"Tanti, don Allah ki gaya mini gaskiya. Shanyewar jiki ce ta kama ni?"

Ta miƙe zumbur ta kashe wasan.

"Subhanallahi! Ai mu ne muke karkatar da shi, da gangan, don mu auna ɓacin rai. Duk sa'ad da kika ce ba komai sai mu ƙara. Ke kuma kin kafe!"

Ana kiran la'asar lokacin da ta juyo mini allonta, ta bi wasu layuka da yatsa, na saƙon da hular ta ɗauko daga kaina.

"Dubi nan, 'yata. Duk inda kika nufi dama, dama ta fito. Kanki lafiya lau yake."