Goggo Sha-Iska da Kifayenta

Goggo, ƙanwar babanmu, ba ta yarda da abin da aka rufe ba. Katifa, gari, takalmi, har mutum in ya hasala, maganinta ɗaya ne: “A fitar da shi ya sha iska.” Shi ya sa muke ce mata Sha-Iska, a bayan idonta dai, don bakin Goggo ba na wasa ba ne.

Tun rasuwar mijinta take kiwon karfasa a kwamin siminti a bayan gida. Akwai ɗan inji mai hura iska cikin ruwan ta siririn tiyo, yini yake yana ɓulɓul. Ta sha gaya mana cewa ba ruwa kaɗai ke riƙe kifi ba, iskar da ke cikin ruwan ce numfashinsa.

Babban ɗanta, wanda muke kira Yaya, ya matsa mata lamba ta bar wahala ta koma benensa. Da nacin ya ishe ta, ta ce in kifin bana suka mutu za ta bi shi. Ni kam raina ya ɓaci, don na san benen nan: tagogi a garƙame, labule har ƙasa.

Wata rana mai zafi aka ɗauke wuta ni da Goggo muna kasuwa, injin ya tsaya. Yaya ya zo ya ga rana na dukan ruwan, tausayi ya kama shi, ya ja tamfol ya lulluɓe kwamin ruf, har da danne gefe da bulo.

Muna dawowa Goggo ta yaye tamfol ɗin. Kifaye duk sun taso sama baki buɗe, wasu sun fara juya ciki. Ba ta tsaya faɗa ba, ta miƙa wa Yaya bokiti.

“Kamfata ka sheƙo. Daga sama na ce! Sai ruwan ya yi kumfa.”

Haka muka yi ta yi har kafaɗunmu suka mutu, fararen kayan Yaya suka jiƙe sharkaf. A hankali kifayen suka koma ƙasa. Ƙalilan ne suka mutu.

“Inna, wallahi taimako na yi niyya,” in ji Yaya yana haki.

“Na sani. Benen ma ai taimako ne. Ka dai ga abin da rufewa ke yi.”

Ya naɗe tamfol ɗinsa. Washegari ya aiko mata da batirin da zai riƙe injin in an ɗauke wuta. Maganar bene kuwa, bai sake ta da ita ba.