Jan layi a wuyan akuyar kakata

Shekarun baya, ina ajin kusa da na ƙarshe a sakandare a Talata Mafara, malaminmu na zane ya shigo da wani aiki da bai taɓa ba mu irinsa ba. Ya ce mu kasu bibbiyu, mu yi littafin yara mai hotuna, labarin namu, zanen namu, ɗinkin ma namu. Kuma ba shi kaɗai zai duba ba. Za a gayyato wata Hajiya daga ofishin ilimi ta ba da maki, sannan a kai littattafan firamaren da ke bayan katangarmu, a buɗe su gaban 'yan aji ɗaya.

"Su ne alƙalan gaske," in ji shi. "Yaro bai iya kara ba. In littahinku bai yi ba, hamma za shi yi muku a fuska."

Lokacin ba mu daɗe da baro Gidan Goga ba. Wanda ya san yankin Maradun ya san abin da ke taso mutane daga gidajensu, ba sai na ja zancen ba. Da kayan jikinmu muka taho, muka sauka gidan kawuna. Abin da muka wuce a hanyar rijiya ranar da muka gudo, ina riƙe da hannun ƙanwata, har yau ban taɓa faɗa wa kowa shi duka ba. Ni dai na koma makaranta, ina karatu kamar kowa, sai dai in babur ya taho ta bayana sai na yi tsalle na koma gefe. Ita kuwa ƙanwata, wadda a da bakinta ba ya hutawa, ta koma sai an yi ta tambaya kafin ta ce i ko a'a. Kuma tana cikin 'yan aji ɗayan nan da za a buɗe wa littattafan, ita da yara da dama irinta, daga Dosara da ƙauyukan gefenmu.

Don haka tun kafin malam ya rufe baki na san littafin wa zan yi.

Aka haɗa ni da ƙawata, 'yar gari, daga babban gidan mahauta. Kullum da ƙamshin balangu a jakarta, kullum tana kirana 'yar ƙauye, ni kuma in ce da ita 'yar wuƙa. Rubutunta kamar na inji, ga tsabtar aiki har ta yi yawa. Muka raba: ita rubutu, ni zane.

Labarin na akuyar kakata ne, wata ja mai farin goshi da ta iya kwance igiya da haƙori. A littafin takan kwance da safe ta zaga gari. Ta leƙa mata a bakin rijiya, ta ja rawanin wani tsoho da ke gyangyaɗi a gindin darbejiya, ta shiga gonar albasa a koro ta, kafin magariba kuma ta dawo turkenta kamar ba ita ba. Akuyar gaske an kora ta tare da dabbobin garinmu, ba ta dawo ba. Ta littafin ce na yi niyyar in dawo da ita gida.

Kada ku ɗauka ni wata gwanar zane ce. Akuyata ta farko da malam ya gani, cewa ya yi, "To madalla, wanga kare na wane ne?" Ajin ya ɗauki dariya. Sai da na ɓata kwali da yawa kafin ta fara kama da abin da ake tatsa. A gida nake yawancin zanen, da la'asar, a kan tabarma. Ƙanwata takan zo ta zauna gefena ta zuba ido, ba ta cewa komai, sai dai in fensir ya gangara ta ɗauko ta miƙo mini.

Ana gobe za a duba, ƙawata ta tafi da shafukan gida don mahaifiyarta ta ɗinke mana su da babbar allura. Da safe ina sa takalmi, sai na ji an ja hijabina. Ƙanwata ce. Ba wanda ya tambaye ta komai, ta ce, "Yaya, yau za a kawo akuyar?" Mahaifiyata da ke dama koko ta tsaya cak da ludayi a hannu. Na ce, "Yau za a kawo ta, in sha Allahu."

Na iske ƙawata a aji tana murmushi, littafin a rungume. Ɗinki ya yi kyau, har da ƙyallen atamfa a bango. Ta ce, "Baba ya gani jiya. Ya ce aiki ya yi, amma ba a barin mai rai cikakke haka nan. Na ja layin, kin huta."

Ku da kuka yi Islamiyya a wajenmu kun san zancen. In ka zana mutum ko dabba, sai ka ja layi a wuyansa, don kada ya zama cikakkiyar sura. Ni ma ina yi a littattafaina, da fensir, siriri, ba wanda ke lura. To amma ƙawata ba ta yin abu rabi. Rula ta sa. Kuma baƙin bironta ya ƙare, ja kaɗai ta samu a gidan.

Na buɗe shafin farko. Ga kakata a bakin rijiya, jan layi ya ratsa wuyanta. Na juya. Matan da ke ɗiban ruwa, kowacce da nata. Tsohon gindin darbejiya, idonsa a rufe, kansa a langaɓe kamar yadda na zana shi yana gyangyaɗi, ga jan layi.

Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Na dai tsinci kaina zaune a siminti, kunnena na shuuu, ina jin ƙarar baburan da babu su.

"Ke, mi ya same ki?" in ji ƙawata. Ta dubi littafin, ta dube ni, ta sake duban littafin. Sai ta dafe baki. "Innalillahi. Wallahi ban yi tunani ba. Wallahi tallahi, ƙawa, ban yi tunani ba." Ta fashe da kuka, har ta fi ni.

Ba laifinta ba ne. Ita a gidansu jan layi layi ne kawai. Amma yaran da ke bayan katangar nan, rabinsu sun san abin da ja a wuya ke nufi, ba a takarda suka gani ba. Ba zan iya buɗe musu wannan ba. Kuma ba zan iya komawa gida in ce wa yarinyar da ta buɗe baki da kanta yau ba a kawo akuyar ba. Makin bai dame ni ba ko kaɗan a lokacin.

Ƙawata ta ciro reza ta gwada kankarewa a wani gefe, kwalin ya fara tashi. Ta ajiye. Cikin kuka ta ce, "Kuma na yi ma Baba alkawari layin na nan."

Haushi ya kama ni. Na fizge jan biron daga hannunta, niyyata in murje wuyan kakata gaba ɗaya, a huta. Amma hannuna rawa yake yi, ya ƙi tafiya miƙe. Maimakon murza, sai ya riƙa yin wasu 'yan ƙulle-ƙulle a kan layin, ɗaya kusa da ɗaya. Na tsaya ina kallo. Kakata tana da wani tsohon murjani da ba ta rabuwa da shi, ko wanka za ta yi. Ga shi nan a wuyanta.

Na ce, "Kawo fensiran kala."

"Mi za ki yi?"

"Ke dai kawo, 'yar wuƙa. Kin yi naki, bari in yi nawa."

Allah ya taimake mu motar Hajiya ta makara a hanyar Bakura. Muka duƙufa. Mata duka suka samu murjani, wasu da ruwan ɗorawa a tsakani. Tsoho muka rataya masa carbi. Mai gonar albasa ya samu jan aiki a wuyan riga, irin wanda bai taɓa mafarkin shiga gona da shi ba. Akuya ta samu jar igiya da ƙararrawa. Layin yana nan a ƙarƙashin kowanne, ba mu taɓa shi ba. Sai muka zo kan wani zakara da na zana a kan danga, dabara ta ƙare mana. Ƙawata ta ja majina ta ce, "Sa mashi murjanin, shi ma ɗan gida ne." Muna hawaye muna dariya muka sa masa.

Hajiya dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da gaggawa. Bayan doguwar gaisuwa da malamai ta zauna, aka fara miƙa mata littattafai. Da aka zo kan namu, sai ta riƙa rufe rubutun da tafin hannu tana kallon hoton kaɗai, wai ta ga ko yaron da bai iya karatu ba zai gane. Ta ja ɗinkin ta ji ƙarfinsa. Ta ce rubutun shafin gona ya yi tsawo, ɗan aji ɗaya zai gaji kafin ya kai ƙarshe. Ta ce akuyar a wani shafi ta kai jaki, a wani kuma ba ta fi kyanwa ba. Gaskiya ta faɗa, na sunkuyar da kai.

Sai ta ɗaga shafin kakata ta saita shi da hasken taga. Ta daɗe tana kallo. Ta dube mu ta saman tabarau.

"Wa ya ja layi?"

"Ni ce, Hajiya," in ji ƙawata.

"Wa ya yi adon?"

Na ce ni ce.

"Ɗiyata, ke mutuniyar ina ce?"

"Gidan Goga."

Ta rufe littafin a hankali, ta miƙo mini da hannu biyu. "Mu tahi mu ji ta bakin masu shi."

Ni aka sa in karanta. Na tsaya gaban yaran, ina hango ƙanwata can baya jikin bango. Muryata da ƙyar take fita. Na buɗe shafin rijiya ina kallon fuskokinsu, ina jiran in ga wanda zai kau da kai. Ba wanda ya kau. Da akuya ta ja rawanin tsoho suka kwashe da dariya. Da ta fito daga gona da albasa a baki, wata ta ce, "Ɓarauniya!" Numfashina ya fara dawowa.

Sai wani mai ƙaton kai a gaba ya ɗaga hannu. "Anti, don mi zakara ya sa murjani?"

Na dubi ƙawata, ta dubi rufi. Sai na ji wata murya daga baya, muryar da na kusa manta ƙarfinta.

"Ba ka ga kowa ya yi ado ba? Sallah ce a garinmu."

"In Sallah ce ai yanka akuyar za a yi!" in ji shi.

Kalmar ta sauka a ƙirjina kamar dutse. Ƙanwata ta miƙe tsaye, ta riƙe ƙugu kamar yadda take yi da, lokacin da ba wanda ya isa ya kayar da ita a musu.

"Ƙaramar Sallah ce, wawa! Ba a yanka komi. Gida za ta koma. Yaya, buɗe mashi ya gani."

Na buɗe. Ga akuya a turkenta, ga kakata tana ba ta dusa, ga rana ta yi ja a bayan rumbu. Yara suka ɗauki ihu, "A sake! A sake!" Na sake karantawa, wannan karon da muryata ta gaske. Da na waiga, Hajiya ta cire tabarau tana goge shi da bakin mayafi.

Ba mu muka zo na ɗaya ba. Wasu da suka yi littafin wanke hannu ne suka ci, kuma sun cancanta, ko ba komai mutanensu ba sa canza girma daga shafi zuwa shafi. Amma Hajiya ta ce namu kada a mayar da shi ofis, a bar shi a ajin yaran. Abin da ta faɗa mana kaɗan ne: "Zane da saura. Amma kun san wa kuka yi wa littahi."

Ƙawata ta ba mahaifinta labari. Bayan kwana biyu sai ga shi da kansa a ƙofar gidan kawuna, da ƙunshin kilishi. Ya gaisa da mahaifina har suka gaji, ya yi mana jaje, sannan ya sa aka kira ni. Ya ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri, ban hango wajen ba." Sai kuma ya ce, "Amma layin dai na nan ko?" Na ce, "Yana nan, Baba, ƙarƙashin murjani." Ya yi dariya har hularsa ta goce.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na warke ba. Har yanzu in babura suka jero sai na nemi bango na jingina. Ina koyar da yaran unguwa karatu da yamma, kuma da koren biro nake duba aikinsu, ja ba ya zama a jakata. Amma in ana lissafin abin da mutum ya taɓa yi da hannunsa ya ji daɗi, ni nawa ke nan. Ban iya goge abin da ya faru ba, kamar yadda ban iya goge layin nan ba. Na dai hana shi isa idon yaran, da hannun nan mai rawa.

Ƙanwata yanzu ta shiga sakandare, kuma surutunta ya dawo har muna roƙon ta ta yi shiru. Kwanan baya zancen littafin ya taso, ta ce ita fa abin da ya fi burge ta shi ne yadda na tuna na yi wa kowa kayan Sallah, har zakara. Na ce ai dole, Sallah guda. Har yau ba ta san akwai layi a ƙarƙashi ba.