Allurar da Inna ta hana ni

Assalamu alaikum. Masu tambaya ina Tela Babba ya shige, ga ni, ban mutu ba. Tun kafin damina ban rubuta komai a nan ba, don abin da ke bakina ba mai daɗi ba ne. Har yanzu bai yi daɗin ba, amma zan faɗa.

Duk wanda ya san shagona a Kalgo ya san girman jikina. Benci na musamman kafinta ya yi mini. Kuna ce mini Alhaji ban ko taɓa ganin filin jirgi ba, kuna shafa tumbina kuna cewa arziki ne. Ni ma ina taya ku dariya.

Da ƙishirwa abin ya fara, da yawan fitsari. Daga nan tafin ƙafata ta dama ya soma mutuwa, in na taka ƙasa kamar na taka auduga. Da ƙafar nan nake taka keken ɗinki, tunda wutarmu ba abin dogaro ba ce. Da ita gidana ke ci.

A wani asibiti a Birnin Kebbi aka ɗebi jinina, aka ɗora ni a ma'auni. Likitar, wata 'yar Zuru mai magana a hankali, ta taɓa babban yatsan ƙafata da wani siririn abu ta ce, "Ka ji?"

Ban ji komai ba.

Ta ce, "Malam, ciwon suga ne, kuma ƙibar nan ke ƙara masa ƙarfi. In ba ta ragu ba, ƙafar nan muke ji wa tsoro."

Na rage tuwo, na gwada tattaki, gwiwoyi suka ce ba da su ba. Sai ta kawo maganar allurar rage ƙiba, wadda ake yi a fatar ciki sau ɗaya a mako. Ba ta ɓoye mini komai ba: akwai tashin zuciya, sai an ajiye ta a firji, ga tsada. Kuɗin wata guda ya kusa lashe abin da nake samu a ɗinkin Sallah. Na yarda saboda ƙafata, ba don kwalliya ba.

Na sha amai da farko. Amma suga ya sauka, na fara sujada ba haki. Da hannuna na tsuke rigunana.

Sai na je Gwandu gaida Inna, mahaifiyata.

Kafin a haife ni ta yi wani ɗa da ya rame har ya rasu. Tun daga nan, a wurinta rama da mutuwa abu ɗaya ne. Ta ajiye mini tuwon shinkafa da man shanu, na yi 'yan lomomi na wanke hannu. Ashe Yaya Sani, ɗan baffana, ya riga ya kai mata labari, wai ya gani a waya cewa allurar nan jini take shanyewa.

Ta ce, "Mi kake yi ma jikinka haka?"

Na ce, "Inna, magani na."

"Maganin da ka hana mutum cin tuwon uwatai? Na bizne guda yana ƙashi da fata, ba ni bizne na biyu. In ka koma yin allurag ga, ban yahe ba."

Ku gaya mini, wane ɗa ke tsallake wannan kalma?

Na roƙe ta ta bi ni asibiti ta ji da kunnenta. Yaya Sani ya ce likitoci kasuwarsu suke ci. Ba ta je ba. Matata Rabi ta yi kuka har ta gaji, ni kuma na bar allura.

Ƙiba ta dawo har da ƙari. Kuna tsayawa bakin shago kuna cewa masha Allah, Alhaji ya dawo. Ina riƙe da fuskokinku ɗaya bayan ɗaya.

Rannan na taka fil a shago ban sani ba, sai da Rabi ta ga jini a tabarma. Ciwon ya ƙi warkewa, ya fara wari. Aka kwantar da ni. Kullum da safe wankin ciwo, ƙarin ruwa, sukar yatsa don auna suga, ga tsoron in farka in tarar an yanke daga gwiwa. A ƙarshe babban yatsa aka cire da na kusa da shi.

Yaya Sani saƙo ya turo ta waya: "Allah shi sawwaƙe." Shi ke nan.

Inna ta zo. Ta daɗe tana kallon bandejin, sannan ta ce, "Kai ma, wa yac ce ka bari? Da ka yi abinka ɓoye, ina zan sani?"

Na juya fuskata bango. Ban taɓa jin haushin uwata ba sai ranar.

Yanzu ciwo ya rufe, na koma kan allura, suga ya kwanta. Ina koyon taka keke da ƙafar hagu, ɗinkin na tafiya a hankali. Masu kaya a wurina ku ƙara haƙuri.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitata da masu wankin ciwo da ba su taɓa toshe hanci a gabana ba. Rabi, Allah kaɗai zai biya ki.

Masu jiki irin nawa, ku je a auna ku, kada ku jira ƙishirwa. Ba kowa allurar nan ke karɓa ba, likita ne zai faɗa, kada ku saye ta hannun 'yan talla. In za ku fara, ku sa iyayenku su ji daga bakin likita tun kafin wani mai waya ya riga ku. In kun fara, kada ku bari ba da sanin likita ba. Masu suga, ku riƙa duba tafin ƙafarku kullum.

Inna ta janye kalmarta, ta ce ta yafe mini duniya da lahira. Na ce na gode. Ku taya ni da addu'a, ni ma wata rana in iya faɗa mata haka ba tare da na kalli ƙafata ba.